Ƙwaƙwalwar ABS ta daina amsa kwamfuta, kuma sauya ta bai magance matsalar ba

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da abokan sana'a. Ina neman shawararku game da wata mota ƙirar shekarar 2011, mai injin fetur da giya otomatik, wadda yau kwananta tara a hannuna ban gano bakin zaren matsalarta ba. Mai motar ya kawo ta ne da ƙorafin cewa yana cikin tafiya sai fitilar ABS (tsarin da ke hana taya cijewa idan an taka birki) mai ruwan ɗorawa ta kama, jar fitilar birki ta biyo bayanta, allurar gudu ta faɗi ta kwanta kamar motar a tsaye take, sannan giya ta riƙa shiga da fizga. Wani lokaci idan ya tsaya ya kashe ta ya sake tayarwa, komai yakan koma daidai har ya yi kwana biyu bai ga komai ba, wani lokaci kuma ko fita daga inda ya ajiye ta ba ya gama yi fitilun za su dawo.

Da na sa mata kwamfutar bincike, na tarar da lambar matsala U0121 a ƙwaƙwalwar injin (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi), da ta giya, da ta allon gaban direba, sannan akwai U0415 a ajiye a ƙwaƙwalwar sitiyari. Idan fitilun suna kunne, kwamfutar ba ta iya shiga ABS ko kaɗan, sai ta ce babu amsa. Idan kuma suka mutu, tana shiga lafiya, kuma ban ga lambar ko sensa ɗaya daga cikin na tayoyi huɗu ba. Abin da kawai na samu a cikinta shi ne wata tsohuwar lamba da ke cewa wutar da ke shigar mata ta yi ƙasa, na ɗauka ta samo asali ne daga lokacin da aka sauya batir, don haka na goge ta.

Na duba fiyus duka, babu wanda ya ƙone. Na cire filogin ABS na auna, na samu volt 12.4 a ƙafafun wuta, kuma da na gwada wayoyin ƙasa (waɗanda wuta ke komawa ta cikinsu) da jikin mota mita ta yi ƙara alamar a haɗe suke. Na wanke sensocin huɗu, na ma sauya na gaba na hagu saboda robarsa ta tsage. Da duk wannan bai yi ba, na samo wata ƙwaƙwalwar ABS ta hannu mai lamba iri ɗaya, na sauya ɓangaren lantarkin kawai ban taɓa bututun mai ba, na shigar mata da bayanan motar. Ta yi yini ɗaya lafiya, washegari matsalar ta dawo yadda take. Shin ita ma ta biyun lalatacciya aka ba ni, ko kuwa laifin yana cikin wayoyin sadarwa ne? Idan a wayoyin ne, ta ina ake farawa? Gaskiya ban taɓa auna su ba, kuma ina tsoron in taɓa abin da zai ƙona wata ƙwaƙwalwar.

Tsohon Rewaya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka yi bayani dalla-dalla, kuma a cikin bayanin naka akwai amsar da nake zargi, sai dai ka goge ta da hannunka. Zan dawo kan wannan.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, lambar U0121 ba daga bakin ABS ta fito ba. Lambobin da ke farawa da harafin U na sadarwa ne tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙwaƙwalwa, kamar yadda masu farawa da P suke na injin da giya, masu C na ƙarƙashin mota irin su birki da sitiyari, masu B kuma na jikin mota. Ma'anar U0121 ita ce wata ƙwaƙwalwa tana jiran saƙo daga ABS a kan lokacin da ta saba jinsa, ba ta ji ba. Ƙorafin maƙwabta ne cewa sun yi sallama ba a amsa ba, kuma rashin amsawa bai nuna cewa mai gidan ya mutu ba. Tana yiwuwa wuta ce ba ta isa gare shi ba, tana yiwuwa hanyar komawar wutar ce ta toshe, tana yiwuwa yana magana amma wayar da za ta ɗauki maganar ta tsinke. Mutuwar ƙwaƙwalwar ita ce ta ƙarshe a jerin, amma ita ake fara zargi saboda sunanta ne ya fito a fuskar kwamfuta, sai a bar jaki ana dukan taiki. Ita kuwa U0415 cewa take yi saƙon ya iso amma abin da ke cikinsa ba abin dogaro ba ne, kuma hakan yakan faru a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa take faɗuwa ko take farfaɗowa. Faɗuwar allurar gudu da fizgar giya su ma ba wata cuta ce daban ba, domin a yawancin motocin wannan zamani ABS ce ke ƙidaya juyawar tayoyi ta rarraba wa sauran saurin mota, idan ta yi shiru kowa ya rasa.

Yanzu ga inda nake ganin awonka ya ruɗe ka. Ka ce ka cire filogi ka samu volt 12.4. Mita ta zamani kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, turjiyar da ke cikinta takan kai om miliyan 10, saboda haka ko da silin waya ɗaya tak ya rage daga cikin damin da ke cikin robar, za ta nuna maka cikakkiyar wutar batir. Haka ma ƙarar da take yi a gwajin haɗuwa: mitoci da yawa suna yin ƙara ko da akwai turjiyar om 20 ko 30 a hanya, alhali a wayar ƙasa ta ABS ko kashi ɗaya cikin biyar na om guda ya isa ya jawo masifa. Yi lissafin da kanka. Famfon ABS yana iya jan amfiya 30, kuma a daidai lokacin tashinsa yakan zarce haka. Idan akwai turjiyar om 0.2 a wayar ƙasa, amfiya 30 sau 0.2 ya ba ka volt 6 da suka zube a hanya, wato ƙwaƙwalwar da ya kamata ta samu 12 ko 14 ta tsira da rabi, sai ta mutu ta sake tashi, a tsakanin nan kuma duk maƙwabta sun rubuta cewa ta yi shiru. Wannan tsohuwar lambar ƙarancin wuta da ka goge, ita kaɗai ce maganar da ABS ta faɗa da bakinta game da kanta. Nan gaba, kafin ka goge kowace lamba, ka rubuta ta tare da bayanan da aka adana da ita, musamman ƙarfin wuta da saurin mota a lokacin da ta shiga.

Abin da za ka yi shi ne ka auna wayoyin suna ɗauke da nauyi. Nemi taswirar wayoyin wannan motar takamaimai, kada ka dogara da launin waya ko da abin da ka saba gani a wata mota. Yawanci za ka tarar da manyan wayoyin wuta biyu masu zuwa kai tsaye daga batir, ɗaya ta famfo mai babban fiyus, ɗaya ta bawul-bawul da ɓangaren lantarki, sai wata siririya da ke kawo wuta idan an murɗa makulli a motocin da ke da ita, sai wayoyin ƙasa ɗaya ko biyu. Ɗauki kwan fitilar gaba mai wat 55, wanda ke jan kimanin amfiya huɗu da rabi, ka haɗa shi tsakanin ƙafar wuta da ƙafar ƙasa a filogin, amma ta hanyar ƙafa mai girman da ya dace da ramin, ba ka cusa tsinken mita ka buɗe bakin ramin ba. Yayin da kwan yake ci, sa tsinken mita ɗaya a kan sandar batir ta ƙasa (mai alamar −), ɗayan a ƙafar ƙasa ta filogin. Waya mai lafiya ba za ta nuna maka fiye da volt 0.1 zuwa 0.2 ba. Sai ka maimaita tsakanin sandar batir ta wuta da kowace ƙafar wuta. Kada ka tsaya a nan: bar kwan yana ci, ka bi damin wayoyin da hannu kana motsa shi sannu a hankali, ka girgiza akwatin fiyus, ka ja wayar ƙasa a inda aka ɗaure ta da jikin mota, idonka yana kan hasken kwan. Matsalar da ke zuwa tana tafiya ba ta bayyana ga wanda ya auna ya tsaya cik.

Kafin duk wannan ma, tabbatar da batir ɗin kansa. Cikakken batir da ya huta yana nuna kimanin volt 12.6, lokacin tayar da injin bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, idan injin yana aiki kuma ka sa ran ganin tsakanin 13.5 da 14.7 a yawancin motoci. Ka kuma gaya mana abu ɗaya: fitilun suna kamawa ne a kan gargada, ko idan mota ta yi zafi, ko kuwa jim kaɗan bayan ta fara motsawa?

Mai Osiloskof ya amsa:

Ina goyon bayan Malam Tsohon Rewaya a kan cewa wuta da ƙasa ake fara tabbatarwa, ba ni da abin ƙarawa a can. Zan amsa ɓangaren tambayar da ya shafi wayoyin sadarwa, domin tsoron da mai tambaya yake yi ya fi haɗarin da ke cikin aikin yawa. Mita ba ta ƙona ƙwaƙwalwa idan an sa ta a ma'aunin da ya dace. Abin da ke ƙonawa shi ne a ɗauki fitilar gwaji mai jan wuta a dangwala a wayar sadarwa, ko a kai mata wutar batir da gangan don a ga abin da zai faru.

Tsarin da motarka take amfani da shi ana kiransa CAN. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro shi, aka gabatar da shi a 1986, daga baya ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 11898, kuma tun daga motocin ƙirar 2008 dokar Amurka ta wajabta a riƙa yin binciken kwamfuta ta hanyarsa. Wayoyi biyu ne da aka murɗe su tare kamar igiya, ɗaya ana ce mata ta sama, ɗaya ta ƙasa (ba wayar ƙasa ta komawar wuta ba), kuma dukkan ƙwaƙwalen da ke kan layin suna rataye ne a jikin waɗannan biyun. Murɗewar ba ado ba ce. Mai karɓar saƙo bambancin da ke tsakanin wayoyin biyu yake karantawa, don haka duk hayaniyar lantarki da ta faɗo musu daga koyil ko altaneta takan shafe su daidai wa daida, bambancin kuma ya tsira. A layin da injin da birki suke, yawanci saƙo yana gudu ne a kan bit dubu 500 a daƙiƙa.

A kowane ƙarshen layin akwai resista mai turjiyar om 120, kuma da yake kowacce tana haɗa wayoyin biyu ne, wuta tana rabuwa ta bi su duka, idan ka auna tsakanin wayoyin za ka ga om 60. Wurin da ya fi sauƙin aunawa shi ne soket mai ƙafa 16 da kake sa kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari: ƙafa ta 6 ita ce waya ta sama, ta 14 ita ce ta ƙasa, ta 4 da ta 5 na komawar wuta ne, ta 16 kuma wutar batir ce, ka kiyaye kada tsinkenka ya haɗa ta da maƙwabciyarta. Kashe makulli, cire kan batir na ƙasa, ka ɗan jira, sannan ka auna. Idan ka ga kusan 60, babban layin a haɗe yake. Idan ka ga 120, resista ɗaya ta fita daga lissafi, ko dai waya ta tsinke a tsakani ko kuma ƙwaƙwalwar da ke ɗauke da ita ba ta haɗe, kuma a wasu motocin ABS ɗin ce da kanta take ɗauke da ɗaya daga cikinsu, shi ya sa taswira take da muhimmanci. Idan ka ga abin da ya kusa sifili, wayoyin sun haɗe da juna. Idan ka ga wajen 40, wani ya ƙara resista ta uku, kuma sau da yawa hakan na zuwa ne daga wata na'ura da aka ɗora wa motar daga baya, irin su rediyo ko na'urar bin sawu da aka liƙa wa layin. Amma akwai tarko ɗaya: motoci da dama suna da wata ƙwaƙwalwa mai tsaron ƙofa tsakanin wannan soket da sauran layukan, a irinsu abin da ka auna a ƙafa ta 6 da ta 14 gajeren layin bincike ne kawai, ba layin da ABS take kai ba. A nan dole ka je filogin ABS ɗin ka auna daga can.

Bayan ka mayar da batir ka murɗa makulli, auna kowace waya da jikin mota. Idan layin yana hutawa, dukansu biyun suna zaune a wajen volt 2.5. Idan ana magana, ta sama tana hawa zuwa wajen 3.5, ta ƙasa tana sauka zuwa wajen 1.5, amma da yake abin yana faruwa da saurin da mita ba za ta iya bi ba, matsakaici za ta nuna maka, misali 2.6 ko 2.7 a ta sama, 2.3 ko 2.4 a ta ƙasa, jimillarsu kusan 5. Waya da ta nuna sifili ta taɓa jikin mota, wadda ta nuna 12 ta taɓa wuta. Osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a kan allo, shi ne kaɗai zai nuna maka surar saƙon, inda za ka ga wayoyin biyu suna buɗewa suna rufewa kamar hoto da inuwarsa a madubi, kuma da shi ake kama ƙwaƙwalwar da saƙonta ya karkace ya bambanta da na sauran.

Sai dai tun kafin ka ɗauki mita, bayaninka ya riga ya rage maka aiki. Injin yana tashi, kwamfuta tana shiga injin da giya da allon gaba da sitiyari, kuma dukansu mutum ɗaya suke ƙara. Da babban layin ne ya haɗe ko ya taɓa jikin mota, da ka ga lambobi irin su U0100 da U0155 da U0073 sun cika ko'ina, kowa yana ƙarar kowa, wataƙila ma motar ta ƙi tashi. Tunda ba haka ba ne, abin da ya rage shi ne ɗan reshen da ya tashi daga babban layi zuwa filogin ABS, da ƙafafun filogin, da wuta da ƙasa. Duba ramukan filogin da kyau da fitila: ka nemi kore-koren tsatsa, ko danshi, ko man birki da ya tsiyaya ya shiga, ko ramin da ya buɗe har ba ya kama ƙafa. Ana gwada wannan ne da ƙafa irin ta ƙwaƙwalwar, a zura a zaro, a ji ko ramin yana riƙe ta. Idan kuma ka samu tsinkewa a wayar sadarwa, ka gyara ta ba tare da ka warware murɗin da nisa ba, kuma kada ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Bakanike ya amsa:

Malamai, ku yi mini afuwa, ni ban cire ƙwaƙwalwar daga zargi ba tukuna. Tana zaune ne a ɗakin injin, zafi yana dukanta, famfo yana girgiza ta a jikinta, kuma na sha buɗe waɗanda liƙin dalmar manyan ƙafafunsu ya tsage zobe guda, wanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Akwai kuma tsofaffin da siraran wayoyi kamar gashi ne suke haɗa filogi da allon ciki a ƙarƙashin wani kauri mai kama da ƙaro, su ma suna tsinkewa. Ta hannu da ka sayo shekarunta ɗaya da taka, ta sha irin wahalar da taka ta sha, don haka ba abin mamaki ba ne a samu biyu masu ciwo ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: lokacin da take amsawa, ka bar kwamfuta a kan bayanan da ke gudana, ka ɗan ƙwanƙwasa murfinta da ƙotar sukuddireba, ko ka hura mata iska mai ɗumi, ka ga ko za ta yanke.

Abin da ya fi damuna shi ne jar fitilar. Idan ta ABS kaɗai ce ta kama, birki na yau da kullum yana nan, abin da aka rasa shi ne hana taya cijewa. Idan ja ta biyo baya alhali man birki bai ragu ba kuma birkin hannu a sauke yake, to rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, wanda ita wannan ƙwaƙwalwar ce ke yinsa a motocin da ba su da bawul ɗin rabo na ƙarfe, shi ma ya tsaya, kuma tayoyin baya suna iya cijewa kafin na gaba a taka birki na gaggawa, mota ta juya. Ka faɗa wa mai motar wannan a fili, kada ya karɓe ta yana cewa zai lallaɓa.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya ƙara basira. Na bi abin da kuka ce bi da bi, ga abin da na samu.

Game da tambayar Maigida Tsohon Rewaya, na sake zama da mai motar, ya ce idan ya tuna da kyau, mafi yawan lokuta fitilun suna kamawa ne da zarar ya tayar ya fara tafiya a hankali, sai kuma sau biyu da ya taka birki da ƙarfi a kan hanya mai tsakuwa. Batir ya nuna 12.5 a huce, 10.4 lokacin tayarwa, 14.2 injin yana aiki. Tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 na samu om 61, kuma taswira ta nuna babu mai tsaron ƙofa a tsakani, ABS tana kan layin kai tsaye. Waya ta sama ta ba ni 2.6, ta ƙasa 2.4, a soket ɗin ciki da kuma a filogin ABS. Na ƙwanƙwasa murfin kamar yadda Malam Bakanike ya ce, na kuma ɗumama shi, ba ta yanke ba.

Da na zo gwajin kwan fitila, wayoyin wuta biyu sun wuce lafiya, kowacce ba ta zubar da fiye da 0.15 ba. A wayar ƙasa kuwa kwan ya kama da haske kamar babu komai, amma mita ta nuna volt 0.5, kuma da na sa hannu a ƙarƙashin mazaunin batir na motsa damin, sai hasken ya dushe ya koma ja, mita ta haura 3. Don in tabbatar, na mayar da filogi, na sa tsinke ta bayansa a wayar ƙasa, na umarci famfo ya tashi ta kwamfuta. Ya yi gurnani na ɗan lokaci, mita ta yi tsalle ta wuce volt 5, nan take kwamfuta ta ce babu amsa, fitilun biyu suka kama a gabana. Gani ya kori ji.

Na cire batir da mazauninsa. Wayoyin ƙasa biyu na ABS, babba da ƙarama, an matse su ne a zobe ɗaya da aka ɗaure da noti a jikin mota. Notin a ɗaure yake tam, zoben ma daga waje fes yake, shi ya sa ranar farko na kalle shi na wuce. Da na yanke robar da ta rufe wuyan zoben, sai wani gari fari da kore ya zubo, kuma a cikin babbar wayar silin da suka rage a haɗe ba su fi huɗu ba, sauran sun rube sun rabu. Tagullar ta yi baƙi har kusan tsawon yatsa a cikin roba. Akwai alamar ruwan batir ya daɗe yana ɗiga a wurin, domin fentin mazaunin ma ya ci. Na yanke har inda tagulla take ja mai sheƙi, na ƙara waya mai kauri ɗaya, na matse sabon zobe, na rufe da robar da ke tsukewa da zafi, na goge ƙarfen jikin motar har ya yi fari kafin in ɗaure. Yanzu famfo yana aiki mita ba ta wuce 0.2, kuma na tayar da shi sau goma ba ta yanke ba.

Na mayar da ƙwaƙwalwar motar ta asali, kuma tana amsawa. Saura abu biyu: fitilar hana zamewa ta ƙi mutuwa, da lambar da ke cewa ba a daidaita sensar kusurwar sitiyari ba, sannan ban sani ba ko wajibi ne in fitar da iska daga birki tunda na cire ɓangaren lantarki har sau biyu.

Tsohon Rewaya ya amsa:

Madalla. Abin da mai motar ya tuna ya dace da abin da ka gani, domin yawancin tsarin ABS suna gwada famfo da bawul na ɗan lokaci da zarar mota ta fara motsawa bayan tayarwa, kuma a kan tsakuwa famfon aiki yake yi na gaske. Duk lokacin da ya ja wuta, wutar tana zubewa a zoben da wayoyin ƙasa biyun suke tarayya a kai, sai wadda ta rage wa ɓangaren lantarki ta ragu.

Game da iska, idan ɓangaren lantarki kawai ka zare daga kan sandunan bawul, ba ka kwance ko bututu ɗaya ba, mai bai ga iska ba, babu abin fitarwa. Taka feda ka ji, idan tana da tauri kamar da, ka bar ta. Da gangar ƙarfen da bututun mai ke shiga gaba ɗaya ka sauya, da sai ka fitar da iska tare da kwamfuta tana buɗe bawul tana tayar da famfo, domin iska tana maƙalewa a ramukan ciki inda taka feda kaɗai ba ya kaiwa. Ka dai tabbatar robar da ke tsakanin murfin da gangar ta zauna daidai, kada ruwa ya samu hanya.

Lambar sitiyari kuwa ta saba fitowa bayan an cire batir ko an sauya ƙwaƙwalwa. Ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, tayoyin gaba a miƙe, iskar tayoyi daidai, ka shiga sashen daidaitawa a kwamfuta ka bi umarnin da ta ba ka. Wasu motocin suna neman ka murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, wasu kuma sai an ɗan yi tafiya a miƙe kafin fitilar ta mutu. Idan akwai zaɓin daidaita sensar juyawar jikin mota, yi shi a lokaci guda, kuma kada kowa ya jingina da motar yayin da ake yi.

Kada ka bar batir ɗin haka. Duba murfinsa da gindin sandunansa ko akwai tsagewa, ka tabbatar an ɗaure shi ba ya rawa, idan yana da bututun numfashi ka ga yana nan a wurinsa, sannan ka wanke mazaunin ka shafa masa fenti, ka sa ɗan giris a kan zoben bayan ka ɗaure. Sauran wayoyin ƙasa da ke kusa da wurin su ma ka yanke robar wuyansu ka leƙa, tunda ruwan da ya ci wannan bai tsallake su ba. Daga nan ka goge lambobi a dukkan ƙwaƙwalen, ba a ABS kaɗai ba, ka fita da motar da wani yana riƙe da kwamfuta yana kallon saurin tayoyi huɗu da ƙarfin wutar da ABS take gani, ka nemi fili mai tsakuwa inda babu kowa ka taka birki har ka ji feda tana bugun ƙafarka sau uku ko huɗu. Washegari da safe ka tayar da ita a sanyi ka sake fita, sannan ka karanta lambobin kafin ka kira mai ita.